Ruwa ba ya tsami banza: kwaɗi, salamanda da farar ƙasar da ake zuba wa rafuka

A jihar West Virginia ta Amurka akwai wani aiki da ake yi wanda in ka gani ba a yi maka bayani ba sai ka ɗauka ɓarna ce. Tifa ce za ta shigo daji cike da dutsen farar ƙasa, irin dutsen nan dai da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ko Ashaka ko Malbaza a yi siminti da shi, amma an niƙe shi ya koma kaman yashi, ta ja da baya har bakin rafi ta juye shi gaba ɗaya, rabi cikin ruwa rabi a gaɓa, direba ya ja motarsa ya tafi. Tulin nan fari fat zai zauna a wajen, duk sanda aka yi ruwan sama rafin ya kumbura sai ya ɗebi wani abu ya yi gaba da shi, in ya ƙare a sake kawo wani. Magani ne ake ba rafin. Ruwansa ne ya yi tsami har kifi ya ƙare a ciki, shi kuma dutsen nan in ya narke yana kashe tsamin, daidai yanda uwar gida ke jefa 'yar kanwa a abin da ya cika tsami ya dawo daidai.

Kuma maganin yana ci, wannan ba gardama, akwai rafuka da yawa da kifi ya dawo bayan shekaru babu ko ɗaya. Ni abin da ya tsaya min a rai shine sauran masu gidan. Rafi ba na kifi kaɗai ba ne, akwai kwaɗi akwai 'yan uwansu salamanda, wasu halittu masu siffar tsaka da fata mai danshi, kuma su ne ma suka fi kowa dogara da ruwan tunda a ciki suke saka ƙwai, ƙwan nasu kuma ba ɓawo gare shi ba, fatar jikinsu ruwa na ratsa ta. To in an zuba farar ƙasa su me ke samunsu? Amsar ba ɗaya ba ce wallahi, wani wajen an cece su, wani wajen kuma gyaran ya zo musu da wata sabuwar wahala, kuma abin da ya fi damuna shine yawancin wuraren ma ba don su aka yi aikin ba, don haka ba su ake ƙirgawa ba in an zo duba ko aiki ya yi kyau.

Bari mu ɗan koma baya mu ga abin da ya tsamar da ruwan tun farko. Kwal da man da ake ƙonawa a masana'antu da tashoshin lantarki akwai farar wuta a cikinsu, in ta ƙone sai ta fita a hayaƙi, ta haɗu da danshin sama ta zama asid, ta sauko cikin ruwan sama da dusar ƙanƙara. Tun 1872 wani masani a Manchester mai suna Robert Angus Smith ya rubuta a kai, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci sosai. Da mutanen birane suka gaji da shaƙar hayaƙi sai aka yi dabarar gina bututun hayaƙi masu tsawon gaske, a 1972 an gama ɗaya a Sudbury ta Kanada mai tsawon mita 381, nufin dai iska ta kwashe hayaƙin ta yi nesa da shi. Ta kuwa kwashe, amma kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Hayaƙin Ingila da Jamus da Polan ya je ya sauka a Suwidin da Norwe, na tsakiyar Amurka inda ake ƙona kwal ya sauka a duwatsun gabas da Kanada. A 1963 Gene Likens da abokan aikinsa suka fara auna ruwan sama a dajin Hubbard Brook na New Hampshire suka tarar ya yi mugun tsami, a 1967 kuma Svante Odén ya fito a jarida a Suwidin ya ce jama'a ga abin da ke kashe mana tafkuna, daga ƙetare yake zuwa.

Ma'aunin tsami shi ake ce wa pH, 7 shine tsaka-tsaki, duk sanda lambar ta sauka da ɗaya to tsamin ya ninka sau goma. Ruwan sama lafiyayye ma yana da ɗan tsami, wajen 5.6, amma na Hubbard Brook a wancan lokacin wajen 4 yake. Inda ƙasa ke da farar ƙasa a cikinta ita da kanta take shanye tsamin ba a ganin komai, matsalar tana wuraren da ƙasar ba kauri kuma ƙarƙashinta dutse ne mai tauri da ba ya narkewa. Sannan ga wani abu da ya sa kwaɗi suka fi shan wuya: duk hunturu dusar ƙanƙara tana taruwa da asid ɗinta a ciki, in ta tashi narkewa wajen Maris da Afrilu sai ta sake shi kusan lokaci guda cikin rafuka da kududdufai, kuma wannan ne daidai lokacin da kwaɗi da salamanda ke fitowa saka ƙwai.

Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ya san ƙwan kwaɗo, baƙaƙen ɗige-ɗigen nan cikin yauƙi da ake gani bayan ruwan farko, wani a jere kaman zare wani a dunƙule. Kowane ɗigo akwai tantani kewaye da shi, tsakanin tantanin da ɗan tayin akwai ruwa, kuma yayin da yake girma tantanin na shan ruwa yana buɗewa don ya samu wajen miƙewa da juyi. In lokaci ya yi sai ya fitar da wani sinadari daga kansa da ke narkar da tantanin ya fito. A ruwa mai tsami abu biyun nan duka lalacewa suke, tantanin ba ya buɗewa, sai ɗan ya ci gaba da girma a matse ya nannaɗe ya lanƙwashe, sinadarin ƙyanƙyasar kuma ba ya aiki, sai ka ga ɗan da ransa yana motsi a ciki amma ba hanyar fita har ya mutu, wanda ya samu ya fito kuma sau da yawa da karkataccen baya yake fitowa. Wanda ya tsallake wannan sai gishirin jikinsa ya dinga zurarewa cikin ruwa ta fata, ga alminiyam da asid ya narko daga ƙasa shi ma guba ne. Sai fumfuna ta zo ta rufe matattun ƙwan fari fat ta kama har masu rai na kusa da su. Harvey Pough ya duba wannan a kududdufan kusa da Ithaca a jihar New York ya wallafa a 1976, a kan wani salamanda mai ɗige-ɗigen rawaya: inda ruwan ke kusa da tsaka-tsaki ƙwan da ke mutuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, inda ya gaza pH 6 kuwa sama da kashi 60 ne ke mutuwa. Daga baya wasu sun auna a wasu wuraren sun ga ba ko'ina abin ya kai haka ba, juriyar ta bambanta daga iri zuwa iri har ma daga yanki zuwa yanki, kuma wannan bambancin ku riƙe shi don zai dawo.

To da gwamnatoci suka tashi neman mafita, kifi ne a gabansu. Suwidin ta fara zuba farar ƙasa da kuɗin gwamnati a 1977, abin ya girma har ya kai kusan tan 200,000 a shekara, dubban tafkuna da rafuka, wani da kwalekwale wani da jirgi mai saukar ungulu, wani wajen kuma an gina rumbun ƙarfe a bakin kogi mai injin da ke auna ruwa yana sakin garin daidai yawan ruwan da ke wucewa. Norwe ta biyo baya a shekarun 1980 saboda kifin salmon da ya ɓace a koguna da dama na kudancin ƙasar, kogin Tovdal an fara yi masa a 1996 kuma salmon ya dawo. A Virginia a 1999 jirgi ya sauke tan 140 na yashin farar ƙasa a kogin St. Mary's da rassansa don kifin tirawut na ƙasar. Ban ga laifinsu ba, kifi abinci ne, sana'a ce, masu kamun kifi da ƙugiya suna biyan kuɗin lasisi kuma suna da baki a siyasa. Kwaɗo ba shi da mai tsaya masa irin wannan.

Amma akwai 'yan wuraren da aka yi aikin don kwaɗin kansu, kuma sakamakon ya faranta min rai ƙwarai. A Holan akwai wani kwaɗo na fadamun daji da namijinsa ke rikiɗewa ya koma shuɗi na 'yan kwanaki a lokacin barbara, kududdufansa sun yi tsami har fumfuna na cinye kusan duk ƙwan da aka saka. Masu bincike biyu, Bellemakers da van Dam, suka zuba farar ƙasa a wasu kududdufan suka bar wasu, suka wallafa a 1992 cewa inda aka zuba ɗin kamuwar ƙwai da fumfuna ta faɗi ƙasa warwas, alhali ba ma wani ɗaga pH ɗin aka yi sosai ba, ɗan taɓawa ne kawai ya fitar da ruwan daga inda yake kisa. A tsaunukan arewacin Ingila ma Beattie da abokansa sun gwada da kwaɗon da ya fi yawa a ƙasar, suka ga ƙwai sun fi ƙyanƙyashewa, 'ya'yan sun fi rayuwa a kududdufan da aka zuba wa farar ƙasa.

Labarin da na fi so shine na dajin Woolmer a Hampshire. Akwai wani ɗan kwaɗo da Turawan Ingila ke kira natajak, yana da layin rawaya a tsakiyar baya, ƙafafunsa gajeru ne don haka gudu yake yi ba tsalle ba, kukansa kuma ana jin sa daga nesa cikin dare. Da can ya cika filayen yashi na kudancin Ingila, amma zuwa shekarun 1970 Woolmer ne kaɗai ya rage masa a irin waɗannan filayen na kudu, can ɗin ma saura ƙiris. Trevor Beebee na jami'ar Sussex da abokan aikinsa suka bi diddigi har da tono lakar ƙasan tafki suna duba ragowar ƙananan halittun da suka mutu shekaru aru-aru, suka nuna cewa ruwan da ba haka yake da tsami ba, hayaƙi ne ya mai da shi haka. Aka dinga sa farar ƙasa kaɗan kaɗan ana maimaitawa, aka kankare lakar da ta tara farar wuta, aka haƙa sabbin kududdufai marasa zurfi, aka sassare bishiyoyin da suka rufe filin, kwaɗon ya farfaɗo. Ku lura da kalmar kaɗan kaɗan ɗin nan. Natajak ba ya iya gasa da sauran kwaɗi, in 'ya'yansu suka riga nasa shiga kududdufi to nasa ba sa girma, don haka in ka gyara ruwan ya yi wa kowa daɗi ka gayyato masa waɗanda za su kore shi. Masu aikin sun san kwaɗon da suke wa aiki, shi ya sa suka san inda za su tsaya.

Duk waɗannan kududdufai ne fa, ruwa ne a tsaye, babu kifi a ciki. Rafi mai gudu wani abu ne daban, kuma a duwatsun Appalachia na gabashin Amurka inda ake juye yashin nan, masu rafin na asali salamanda ne. Mu ba mu da su, duk Afirka kudu da Sahara babu salamanda ko ɗaya, siffarsa kaman tsaka mai doguwar jela amma ba ɓamɓaroki a jikinsa, fatar sumul take da danshi, ɗan uwan kwaɗo ne ba na ƙadangare ba. Yawancin na wannan yankin ko huhu ba su da shi, da fata da cikin baki suke numfashi. Kada ku ɗauka wasu 'yan tsiraru ne, a Hubbard Brook ɗin nan Burton da Likens sun ƙirga a 1975 suka samu kusan 2,950 a kowace hekta, in an haɗa nauyinsu ya ninka na tsuntsayen dajin sau biyu. Dajin Great Smoky Mountains kaɗai yana da iri wajen 30. A ƙananan rafukan saman dutse inda kifi ba ya iya hawa su ne manyan mafarauta, su ke cin ƙwarin ruwa, su kuma tsuntsaye da macizai su ci su.

Cewa tsami na kashe su wannan an gani da ido. A 1963 aikin titi kusa da Newfound Gap a cikin Great Smoky ɗin ya fasa wani dutse mai farar wuta aka yi ciko da shi, ruwan da ke ratsa cikon ya dinga zuba asid da ƙarafa cikin rafin Beech Flats, kifi da salamandan cikin ruwa suka ƙare a ƙasan wajen, kuma shekaru da yawa bayan nan abin bai koma yanda yake ba. Don haka mai cewa a bar rafi da tsaminsa don salamanda bai faɗi daidai ba. Maganar ita ce yanda ake gyaran.

In ka ɗaga wani faffaɗan dutse a irin rafin nan a farkon zafi za ka iya samun ƙwan salamanda farare a manne a ƙarƙashinsa a jere, uwar, 'yar siririya mai layi biyu a baya, tana kwance a gefe tana gadi. 'Ya'yan in sun fito ba sati biyu ko wata ɗaya suke yi a ruwa ba kaman na kwaɗinmu, shekara biyu har uku suke yi, akwai wani babba mai launin ja-ja da ake samu a idon ruwa wanda nasa ke kai shekara huɗu, kuma duk tsawon wannan lokacin a 'yan ramukan da ke tsakanin tsakuwa da duwatsu suke zaune, nan suke ɓuya nan suke farauta. To yashin farar ƙasar da tifa ta juye ina yake zuwa? Cikin waɗannan ramukan yake shiga ya cike su. Sannan inda ruwan tsami ya haɗu da ruwan da aka gyara, alminiyam ɗin da ke narke sai ya fara daskarewa ya kwanta a kan duwatsu kaman farin ƙulli, kuma masana a Norwe sun nuna cewa wannan mahaɗar tana iya fin ruwan tsamin kansa illa ga kifi don alminiyam ɗin a kan abin numfashinsa yake daskarewa. 'Ya'yan salamanda su ma da irin wannan abin suke numfashi, nasu ma a waje yake a gefen wuya kaman gashin tsuntsu. Binciken da aka yi a Pennsylvania da West Virginia ya nuna a ɗan tsakanin da ke ƙasan wajen juye yashin ƙwarin ruwa ba sa farfaɗowa yanda ake so, wani wajen ma raguwa suke, sai an yi nisa tukun ake ganin amfanin. Ƙwarin nan kuma su ne abincin salamanda.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi a wajena, ita ce dawowar kifin kansa. Salamanda da yawa sun fi tirawut jure tsami, to akwai rafukan da tsamin ya kai ya kori kifi amma bai kai ya kashe salamanda ba, shekara talatin arba'in suna zaune ba mai cin 'ya'yansu. Rana ɗaya an zuba farar ƙasa, kifi ya hauro ko ma an kawo shi a tanki an saka. William Resetarits ya gwada a rafukan gwaji a Virginia ya ga in akwai tirawut 'ya'yan babban salamandan nan ba sa girma sosai kuma kaɗan ke rayuwa, Winsor Lowe da Douglas Bolger kuma sun bi rafukan New Hampshire suka wallafa a 2002 cewa salamandan ya fi ƙaranci inda kifin yake da kuma inda laka ta toshe tsakanin duwatsu. Ku haɗa biyun ku gani: ka kawo mai cinsa, ka kuma toshe ramin da zai ɓuya, a aiki ɗaya. An gudu gara an faɗa gidan zago kenan. Na san za a ce ai tirawut ɗin ɗan asalin rafin ne, tare suke zaune tun kafin a ƙirƙiro masana'anta, in salamanda ya ragu ya koma adadinsa na da ne kawai, kuma wannan magana ce mai ƙarfi na yarda da ita a inda kifin yake tun asali. Inda ban yarda ba shine a ɗauki kifi a kai shi saman gangaren ruwa inda bai taɓa zama ba don kawai yanzu ruwan ya yi kyau, ko a cika rafi da yashi har maɓoyar da ta sa suka iya zama tare tun farko ta ɓace.

Sai kuma ruwan da Allah Ya halicce shi da tsaminsa. Ba duk ruwa mai tsami ne mara lafiya ba, akwai fadamu masu wata irin gansakuka mai laushi da ke shan ruwa kaman soso, ita da kanta take tsamar da ruwan, launinsa ja-ja kaman shayi, kuma akwai halittun da nan ne gidansu. A dajin Pine Barrens na New Jersey akwai wani ɗan koren kwaɗon bishiya da ke hayayyafa a ruwan da zai kashe ƙwan yawancin kwaɗi, Gosner da Black sun yi rubutu a kan wannan tun 1957, kuma tsamin ne katangarsa, don an ga inda noma da gine-gine suka ɗaga pH ɗin ruwan sai ƙaton kwaɗon nan na Amurka mai cin komai ya shigo na asalin su ja baya. Akwai kuma wani salamanda mai yatsu huɗu a ƙafar baya da macen ke saka ƙwai cikin gansakukar nan a saman ruwa, in sun ƙyanƙyashe su zame su faɗa ciki. Farar ƙasa kuwa ƙona gansakukar take yi, a Suwidin inda aka dinga watsa gari a kan fadamu don ruwan da ke fita daga cikinsu ya gyaru an ga ta mutu fili guda, har dole aka rage yin haka aka koma amfani da mai tsakuwa-tsakuwa da iska ba ta kwasa. Wanda ya zuba farar ƙasa a irin wannan wajen bai gyara komai ba, gida ya rushe.

Wani abin mamaki kuma, kwaɗon nan mai komawa shuɗi a Suwidin bai zauna jiran mutane ba. Katja Räsänen da Anssi Laurila da Juha Merilä sun ɗebo ƙwai daga yankunan da suka yi tsami da waɗanda ba su yi ba suka rene su a ɗakin gwaji, a 2003 suka nuna cewa na yankin tsamin sun fi jurewa nesa ba kusa ba, kuma babban sirrin yana cikin yauƙin da uwa ke lulluɓe ƙwan da shi, nasu ba ya saurin tsotsewa a ruwan tsami. Cikin abin da bai fi shekara ɗari ba fa. Wannan ba hujja ba ce ta a naɗe hannu, iri nawa ne ba su samu wannan damar ba, amma yana nuna maka kwaɗin kududdufi biyu ma ba lallai magani ɗaya ya yi musu ba.

Ko ga waɗanda aka yi aikin dominsu ma ba kullum yake biya ba. A Llyn Brianne ta Wales an zuba farar ƙasa a 1987 da 1988, Steve Ormerod da ɗalibansa suka bi rafukan shekara goma, ruwan ya gyaru a ma'auni amma ƙwarin da tsami ya kora kaɗan ne suka dawo suka zauna, don duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi tsamin na sake bugowa na ɗan lokaci. A 2013 aka tattara binciken ƙasashe da dama aka duba, aka ce a jimlace kifi na ƙaruwa amma ba tabbas a kowane kogi. Kifi da ƙwarin ruwa aka duba a wannan tattarawar, dangin kwaɗi ba sa ciki, alhali rahoton duniya na 2023 ya ce kashi 41 cikin 100 na ire-irensu suna fuskantar ƙarewa, sun fi tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa shiga haɗari.

Abin da ya kawo sauƙi na gaske daga bututun hayaƙin ya zo. Yarjejeniyar Geneva ta 1979 a Turai da gyaran dokar iska ta Amurka a 1990 sun sa hayaƙin farar wuta ya ragu da sama da kashi 90 cikin 100 a tashoshin lantarkin Amurka da kuma Ingila, Suwidin har ta rage yawan farar ƙasar da take zubawa sosai. Sai dai ƙasar ta riga ta yi asarar kalsiyam ɗinta, shekaru asid na wanke shi, Likens ya nuna haka a 1996, don haka rafuka da yawa a hankali suke warkewa kuma tifofin ba za su daina zuwa gobe ko jibi ba. Tunda za a ci gaba, ni abin da nake ganin ya wajaba ba mai tsada ba ne: kafin a juye a aika mutane su ɗaga duwatsu su ƙirga abin da ke ƙasa, a sake ƙirgawa bayan shekara biyu da biyar, a bar ƙananan rassan sama da ba kifi a cikinsu yanda suke, inda hali ya yi a watsa a ƙasar daji ruwa ya tace shi a hankali maimakon a tula a cikin rafi. A Quebec Jean-David Moore ya gwada watsa farar ƙasa a daji bai ga ta cutar da salamandan tudu mai jan baya ba.

Mu a arewa wannan nau'in ruwan saman bai dame mu ba, ƙurar Sahara da muke kuka da ita tana ɗauke da kalsiyam da ke kashe tsamin tun a sama, an auna haka a Banizoumbou ta Nijar. Amma a yankin Neja Delta inda ake ƙona iskar gas mutane sun daɗe suna kukan kwanon rufinsu na saurin cinyewa, a Inugu kuma ruwan da ke fitowa daga tsofaffin ramukan kwal na Onyeama yana da tsami da ƙarafa kuma yana gangarawa kogin Ekulu. Duk ranar da aka tashi gyara irin wannan ruwan farar ƙasa za a nema, don ita ce mai araha kuma muna da ita jibge. Ina fata a ranar a samu 'yan jami'a su riga tifa zuwa, su shiga da tocila cikin dare a farkon damina su rubuta irin kwaɗin da ke kuka a sama da ƙasan wajen da inda suke saka ƙwai, a ajiye takardar, bayan an zuba a koma a sake dubawa.